Rumbu a Gurbin Suri

Ka tambaye ni kalmar nan ta Turanci, annihilate. Daga tsohon harshen Rumawa aka samo ta, nufinta a mayar da abu babu, ƙarƙaf, ko ɓurɓushi kada ya saura. Faɗinta da daɗin baki, yinta ne aiki. Saurari wannan.

Wani manomi ne suri ya tsaya masa a bayan gida. Gara ta ci masa danga, ta ci ƙotar fartanya, har tabarmar baƙi ba ta bari ba. Da tura ta kai bango sai ya kira gayya. Kai, ranar an ga aiki! Mai ganga yana zuga samari, diga tana tashi tana sauka, kajin unguwa sun samu biki. Gogan naka ya tuɓe riga yana tsalle kan ɓaraguzai, yana yi wa kansa kirari, baki har kunne. Kafin la'asar wuri ya zama fili fetal. Gwaggonsa da ta kawo wa 'yan gayya kunu ta ce, "Kun haƙo uwar tasu kuwa?" Ya tuntsire da dariya. "Gwaggo, wace uwa kuma? Dubi wurin nan fa!" Alhali uwar gara tana can ƙasa cikin ɗakinta, lafiya lau, ba ta da aiki sai zuba ƙwai.

Murna ta sa ya ƙara da dabara. Ƙasar suri akwai danƙo, ga wuri a daddaɓe, sai ya kwaɓa ta ya gina rumbu a daidai gurbin. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya nuna masa. Da kaka ya loda geron shekara har da irin shuka, ya liƙe bakin rumbun. Ranar da ruwan farko ya sauka, ya hau rumbu da rawar jiki zai ɗebo iri. Ya damƙo zangarniya, ta ruguje ta zama ƙasa a tafinsa. Ya zura hannu har kafaɗa, ƙasa ce, gara ta biyo damtsensa. Ya sauko ya zauna dirshan a gindin rumbu, yara na jiran tuwo, maƙwabta na wucewa da sungumi za su shuka.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, an kashe maciji ba a sare kansa ba.