Lallen Farfesa Asabe

Shekara talatin Farfesa Asabe ta kwashe tana ƙera gilashin nan mai girman farce, wanda ɗigon jini ɗaya ya ishe shi ya gano gubar dalma a jikin yara. Yanzu hukuma ta kafa shi a ƙofar kasuwa, duk wanda jininsa ya nuna ciwo a kore shi.

Ta miƙa yatsa. Jami'in ya tsira mata allura, ya ɗiga jinin. Gilashin ya ƙi nuna komai.

"Hajiya, ba an hana ƙunshi ba? Lalle makantar da gilashin yake yi."

"Na sani, Malam. Ni na ƙera shi."

Ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta san matan da ke bayanta, har bakin titi, duk hannuwansu jajawur suke da lalle.