Wanda Ke Rage Wa Manhaja Wuri

A karo na huɗu manhajar ta mutu a suna na dubu uku, Zakiyya ta ture kwamfutar da haushi.

Tun da aka raba wani aure a danginsu na Aujara saboda an gano nono ɗaya ma'auratan suka sha, Baba Idirisu, babban dangi, ya kafa doka: ba sauran ɗaurin aure sai an bincika. Aka tara littattafan tsofaffi, aka kwafe wa ya haifi wa, wa ya shayar da wa, dattawa uku suka riƙe kwafi don kada wani ya goge layi. Zakiyya ce ta karanci kwamfuta, ita ta rubuta manhajar. Auren da ke jira kuwa nata ne da Fahad, ɗan kawunta.

Manhajar tana bin dangi daga kakanni zuwa jikoki, tana jibge sunan da ba ta gama da shi ba a wani wuri da ake kira sitak, kamar kwanuka a kan juna. In wurin ya cika, sai ta faɗi. Maganin ba wuya: Zakiyya ta ɗaga iyakar daga megabayit takwas zuwa sittin da huɗu, ta bar kunnawa sai ta dawo daga aiki. Tana dawowa ta tarar da takwas.

Haka kwana huɗu. Lamba dai ba ta da ƙafa.

Zuciyarta ta tafi kan Musaddiq, ɗan goggonta, wanda ya nemi aurenta bai samu ba. Shi ma ya san kwamfuta, kuma kullum yana gidansu a Limawa, wai gaida Ummi, mahaifiyarta, yake zuwa. Gaisuwa har sau biyu a yini! Ta daina amsa sallamarsa.

Fahad, bawan Allah, shi ke lallashinta. Shi ya taya ta kwafe littattafan Aujara, shi ke riƙe mata jakar kwamfutar in ya kai ta aiki. "Ki bar wahalar nan," in ji shi. "Baba zai gaji ya ɗaura, bincike ya biyo baya."

Ranar Asabar da hantsi ta tara Musaddiq da Fahad gaban Baba Idirisu don ta kunyata ɓarawon zaune. Ta ɗaga iyakar, ta kunna, ta kafe Musaddiq da ido. Shi kuwa gyaɗarsa yake ci. Manhajar ta wuce dubu uku, ta gangaro kan 'yan baya. Fahad ya ce bari ya duba mota.

Sai allo ya tsaya a kan layi biyu, daga littattafai daban-daban: marigayiya Goggo Madina ta shayar da Zakiyya, ta kuma shayar da wanda ya fita duba mota.