Kajin Ɗangoggo

A cunkoson Nyanya Ɗangoggo ya sayi littafin, ta tagar bas, a hannun wani mai talla da ya haɗa shi da cajar waya da maganin ɓera. Sunan littafin Litinin Ta Sake Zuwa. Kafin su kai Wuse ya yi ta ƙyaƙyata dariya har matar da ke kusa da shi ta canza kujera.

Labarin wani ma'aikaci ne, Iliya, wanda ya gaji da ofis, da ogansa, da surukansa, har da ƙarar fankar ɗakinsa. Shi ma Ɗangoggo ma'aikaci ne, shekara da shekaru yana buga hatimi a takardun da ba mai karantawa. A tsakiyar littafin dariyar ta fara maƙale masa. Da ya zo inda Iliya ya ɓuya a banɗakin ofis yana cin gyaɗa don kada a gaishe shi, sai ya shafa aljihunsa. Gyaɗa ce a ciki.

"Mashkura, marubuciyar nan ta san ni," ya ce wa matarsa.

"Kowa ma ya san ka, Baban Nabilah. Ci abincinka."

Sai ga babin ƙarshe. Iliya na tsaye bakin tagar ofis yana tambayar kansa ina mafita. Ɗangoggo ya juya shafi. Takardar ta ɗan fi fari, rubutun ya ƙara girma, kamar marubuciyar ta ɗaga murya: "Da farko, ka nemi fili mai iska, nesa da hayaniyar gari."

Daga nan ba a sake ambaton Iliya ba. Sai batun akurki, da dusa, da fitilar ɗumama 'yan tsaki. Ɗangoggo ya gano hikimar: marubuciyar ta gama da Iliya, yanzu da shi take. Da ya kai inda aka ce mai haƙuri shi ke kwasar ƙwai, sai da ya share hawaye.

Ya ajiye aiki. Ogansa ya roƙe shi ya ɗauki hutu tukuna, ya ƙi. Mashkura ta kira yayyensa, suka zo suka yi ta ba shi baki, shi kuwa yana karanta musu alamomin murar kaji. Ya sayar da talabijin da firji, ya kama fili a Paikon Kore. Rabin 'yan tsakin farko suka mutu, muzuru ya yi gaba da sauran. Ya sake zuba wasu.

Bayan damina ya ji cewa marubuciyar, Madam Felicity Kure, za ta gana da masu karatu a wani kantin littattafai a Wuse. Ya sa babbar riga, ya ɗauki kiret na ƙwan farko da kajinsa suka saka.

"Madam, kin canza mini rayuwa," ya ce, ya dire ƙwan a gabanta. "Musamman babin kaji."

"Waɗanne kaji, oga?"

Ya miƙa mata littafinsa. Ta duba bangon, ta shafa ɗinkin, ta buɗe ƙarshe. Sannan ta jawo ɗaya daga cikin nata kwafin littafin ta buɗe masa: Iliya ya bar bakin taga, ya koma teburinsa, har an yi masa ƙarin girma. Na hannun Ɗangoggo kuwa bugun 'yan jabu ne, mai ɗinkin ya manna masa shafukan wani littafin koyon kiwon kaji.