Randar da Ba Ta da Tambari

Kana tambaya ko ɓoye sunanka da adireshin gidanka a rajistar shafinka na intanet zai sa injin bincike ya jefa ka can ƙarshen layi. To, ga wani misali.

An yi wata maginiya da randarta ta yi suna wajen sanyaya ruwa. Kowace randa takan dangwala mata tambari a gindi, zane uku da tsinke, kuma duk kasuwa an san na gidan gindin tsamiya ne. Tambarin nan ya kawo mata baƙi, ba laifi: mai tallan itace, mai tallan yumɓu, mai maganin da ke warkar da komai, da wanda ya zo gaisuwa kawai amma bai san sunan kowa a gidan ba. Masu sayen randa kuwa a kasuwa suke saye. Ana haka mijinta ya kwanta ciwo, ɓarin jikinsa ya shanye, barci ba ya ɗaukarsa sai da hantsi. Da ya lumshe ido sai a rangaɗa sallama, ya farka yana dubanta kamar shi ya yi laifi. Ranar nan ta ajiye tsinken. Ta ce wa dillalinta, "Malam, mai saƙo ya bar shi a wurinka. Gidan nan akwai mai barci."

Maƙwabta, waɗanda ba su taɓa gina ko kasko ba, suka tabbatar mata cewa randa marar tambari a bayan rumfa take ƙarewa. Hankalinta ya tashi, don da randunan nan ake cin tuwo a gidan, da su ake sayen magani. Ranar kasuwa ta bi bayan kayanta, ta raɓe a rumfar mai daddawa tana kallo. Mai saye ya zo, ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa cikin randa, ya kara kunne. Randa ta amsa masa tangaran. Wata ta shafa bakin, ta leƙa ciki, ta ce irinta ce a gidan yayarta, ruwanta har haƙori yake kamawa. Mutum ɗaya ne ya kifa randa ya duba gindi, shi ma tsaga yake nema. Kafin azahar kaya sun ƙare, dillali yana kakkaɓe tabarma.

Maginiya ta koma gida ta tarar da mijinta yana barci, bakinsa a ɗan buɗe, kaji na kiwo a tsakar gida ba mai korarsu. Ta zauna kusa da shi. Da ya farka ta ɗebo masa ruwa a moɗa, ta tallafi kansa ya sha.

Injin nan naka ma mai ƙwanƙwasawa ne: abin da ka zuba a shafin yake saurara, da shaidar waɗanda suka amfana da shi. Rufe ƙofarka, ka gyara yumɓunka. Ai sai an gwada akan san na ƙwarai.