Sakan Goma Sha Biyu

Tsohon ɗan kwana-kwana ya danna agogon hannunsa, ya duba, ya girgiza shi kamar laifin agogon ne. Wata huɗu ke nan autansa yana zagaya filin nan kullum da safe, amma sakan goma sha biyun da suka rage masa ya ci gwajin shiga aikin kashe gobara sun ƙi raguwa.

Auta bai taɓa fashi ba. Duk abin da uban ya ce, "to, Baba" ne, tun ranar da ya sa shi ya ajiye takardun kwalejin kimiyya. Yakan yi gudu har ya yi amai, amma jiki ya ƙi karɓa, kamar ana zuba ruwa a kwando.

Uban ya kai shi asibiti, likita ta auna zuciya da huhu, lafiya lau. Ta yi musu bayani cewa idan tsoka ta wahala takan saki wani sinadari, histamin, mai buɗe hanyoyin jini har jiki ya ƙara ƙarfi. Wanda ke yawan shan maganin ƙaiƙayi haɗe da na ƙwannafi yana iya toshe aikinsa, ya yi ta wahala riba kaɗan. Ta tambayi Auta ko yana sha. Ya ce a'a, idonsa a kan takalmansa.

Zuciyar uban ta tafi kan matarsa, wadda tun farko ta ce ba ta haifi ɗa don wuta ba. Ya tsare ta a kicin, wai ita ke zuba wa yaron maganin a abinci. Ta rantse, ta yi kuka, ta daina yi masa magana. Ya karɓi girkin Auta da hannunsa, ko ruwa shi ke zuba masa. Ba ta canza zani ba.

Ranar gwaji uban yana tsaye a bayan wayar da ta kewaye filin, yana kallon ana wuce ɗansa ɗaya bayan ɗaya, ba abin da zai iya sai cizon leɓe. Da suka dawo gida, Auta ne ma ke ba shi haƙuri.

Bayan sati guda ya shiga kemis ɗin bakin titi sayen man zafi saboda gwiwa. Mai kemis ya miƙo masa, ya ce:

"Baba, ya ƙarfin jiki? Wata biyar autanka na zuwa karɓar maka maganin ƙaiƙayi da na ƙwannafi, sai satin nan ya ce ka warke."