Tsohuwar da Kullum Take Cewa "Lafiya Lau"

Ka ɗauki misalin wata tsohuwa a gidan kula da tsofaffi. Kowace safiya masu hidima sukan tambaye ta, "Iya, ya jiki?" Ita kuwa irin mutanen da ce, waɗanda ko wuta ke cin zanensu ba sa kai ƙara, sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce lafiya lau. In an kawo tuwo sai ta faki ido ta zuba wa kaji. Da hantsi takan jingina da bango ta lumshe ido, nan da nan ga ta a fadamar ƙauyensu tana budurwa, ruwa na wucewa ta kan sawunta, balbelu na sauka a bayan shanu, tana ɓare rake da haƙora zaƙi na gangarowa har gwiwar hannu. In ta farka sai ta tarar da yunwa zaune tana jiranta. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Wasu suka ce kewar 'ya'ya ce, wasu suka ce tafiya ce ta matso, aka ƙara mata addu'a da bargo.

Wata ma'aikaciya ce, rannan tana zuba mata ruwan alwala, ta ga da aka zo kurkurar baki tsohuwa ta runtse ido ta dafe kunci. Tausayi ya kama ta. Ba ta tambaye ta komai ba, don ta san amsar. Ta ɗumama ruwa da ɗan gishiri, ta zauna a tabarma, ta fara wangale nata bakin ta nuna mata giɓinta, har tsohuwa ta yi dariya, mayafi ya zame. Ashe turmin haƙori ne ya ruɓe, dasashi ya kumbura ya yi jawur. Aka kira likitan haƙori ya cire shi, aka shiga wanke mata baki safe da yamma da buroshi mai laushi. Ba a rufa mako ba, sai ga Iya ta suɗe kwano tas, tana faɗa wai wace marowaciya ce ta yi miyar nan ba daddawa.

Da gaisuwa kaɗai aka bi, da an binne ta da "lafiya lau" a baki. Shi ya sa Hausawa suka ce gani ya kori ji.