Majanyin Hajiya

Jannatu ta zazzage akwatin marigayiya Hajiya har ƙasa, majanyin dai babu shi. Tsohon saƙi ne baƙi mai ratsin ja. Da shi aka goya ta, kuma ta ci burin da shi za ta goya ɗanta na fari, yanzu da ta gama wankan jego.

Yayanta Halliru ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya ce ta ce in ta rasu a kai wa Fatu."

Fatu! Mai nonon nan ta Gwiwa? Ran Jannatu ya yi mugun ɓaci. Duk cikin masu shigowa gidansu na Kazaure babu wadda ta tsana kamar matar nan. Tun Jannatu na yarinya Fatu ke zuwa, ta sauke ƙwarya, ta gaishe da kowa da sunansa, amma ita ko kallo ba ta ishe ta ba. In ta shigo ɗaki, Fatu ta fice. Man shanu kuwa sai ta miƙa wa Hajiya ta ce, "A ba waccan." Waccan! Sai ka ce ba a yanka mata rago ba. Ranar bikinta ma a bayan zaure matar ta tsaya, ta rufe fuska da mayafi.

Jannatu ta saɓi jaririn, ta ce wa Halliru ko ya tada babur ko ta hau na haya.

Sun iske Fatu a ruga, majanyin yana shanye a kan danga, an wanke shi tas. Tana hango Jannatu ta juya baya. Halliru ta ce wa, "Miƙo min mijin nan nawa." Ta rungume yaron.

Jannatu ta kasa haɗiye fushinta. "Baba, me na tsare miki? Kayan uwata kin karɓe, ɗana kin ɗauka, ni kuwa ko sunana kin fi ƙarfin faɗa!"

Fatu ta nufi dangar. Ta ciro majanyin ta goya yaron, ɗauri ɗaya, kamar wadda ta daɗe da sanin tsawonsa.

Halliru ya share ido, ya ce a hankali, "Jannatu, Hajiya riƙonki ta yi. A ina kika taɓa jin Bafulatana ta kira sunan 'yar farinta?"